Riyal na 1354: suɗewa ce ko bugu ne bai kama ba?

Abu Sadiƙ (Jidda):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hotuna huɗu na riyal ɗin azurfa na Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, na shekarar 1354 ta Hijira, gaba da baya da gefe. Nauyinsa giram 11.63, faɗinsa milimita 30.5. Filinsa, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ba zane, yana da ƙyalli, rubutun da'ira ya fito tsaf, amma inda takubban nan biyu suka gitta ya kwanta, kuma ganyen dabinon hannun dama bai rarrabu ba. Mai shi ya ce bai taɓa shiga kasuwa ba, bugu ne bai kama ba. Ni ina zargin hannu ya taɓa shi. Na san wannan riyal ba mai wuyar samu ba ne, amma ina so mu tsayar da ƙa'ida a kansa, don gobe babban riyal na 1346 ne zai zo gabanmu, a nan kuwa kuskure yana da tsada.

Alhaji Tanimu (Madina):
Wa alaikumus salam. Hoto ba ya raba wannan gardama, Abu Sadiƙ. Hoto haske ɗaya yake kamawa daga kusurwa ɗaya, ita kuwa amsar tana cikin motsin haske. Sai dai ka fara da zato mai ƙarfi: duk da an rubuta masa "an buga a Makka", riyal na 1354 a manyan gidajen buga kuɗi na waje aka yi shi, har da na Filadalfiya a Amurka, da injuna masu ƙarfi, aka yi ta buga shi shekaru da dama ba a canja shekarar ba. Raunin bugu a irinsa yana faruwa amma ba shi da yawa. Saboda haka idan ka ga wuri ya kwanta, ka ɗauka suɗewa ce har sai tsabar ta kawo maka hujjar akasin haka.

Malam Idi Maƙeri (Misfala):
Alhaji ya yi gaskiya kan zato. Bari in faɗi yadda ake neman hujjar, daga tushe, don wanda ya gane abin da ke faruwa a cikin inji ba zai sake ruɗewa ba.

Idan hatimi biyu, na sama da na ƙasa, suka matse fallen azurfa, ƙarfen gudu yake yi. Yana malala daga tsakiya zuwa baki, yana hawa cikin ramukan da aka sassaƙa a jikin hatimi. Wurin da ya fi tudu a kan tsaba shi ne rami mafi zurfi a hatimi, kuma shi ne na ƙarshe da ƙarfe ke cikawa. Duk wanda ya ga ana danna ma'amul, cincin ɗin nan na Larabawa, a cikin ƙalibin katako ya san abin: in ba a danna sosai ba, zanen gefe zai fito, na can ƙasan rami ba zai fito ba, ba kuwa don wani ya goge shi ba, ƙullun ne bai kai can ba. To matsalar ita ce wurin da bugu ke kasa cikawa shi ne kuma wurin da yatsa da aljihu ke fara ci. Shi ya sa biyun suke kama da juna, kuma shi ya sa ƙirga abin da ya ɓace na zane ba ya amfani. Kada ka tambayi zane nawa ya rage. Tambayi fatar wurin da ya kwanta.

Gudun ƙarfen nan yana barin 'yan siraran layuka da ido ba ya gani, su ne ke kama haske suna juya shi idan ka karkata tsaba, ka ga wani tsinin haske yana zagayawa. Wannan shi ne ƙyallin bugu, kuma ba maƙerin da zai iya mayar da shi in ya tafi. Gogayya tana kwantar da layukan nan tun kafin ta ci zane. Wurin da ya suɗe sai ya zama sumul, launinsa ya koma toka-toka, ya bambanta da na kewayensa, kuma idan tsinin haske ya iso kansa sai ya yanke, ya tsallake, ya ci gaba a ɗaya gefen. Wurin da bugu bai cika ba kuwa hatimi bai taɓa shi ba sam, fatar falle ce ta asali: tana da ɗan kaushi, da 'yan ƙananan tabo da ƙarce marasa tsari da falle ya samo tun kafin a buga shi, launinta fari ɗaya da na sauran jiki, samanta kuma a dunƙule yake, ba a daɓe ba. Suɗewa tana yanke kan tudu ta bar shi shimfiɗe da kaifin iyaka. Raunin bugu yana barin tudu a kumbure, ba iyaka.

Yadda za ka duba: kashe fitilun ɗaki, ka bar guda ɗaya mai fitar da haske daga wuri ɗaya, ƙwan tebur ko ƙaramar tocila. Dogon farin ƙwan nan na silin yana baza haske ya ɓoye komai, hasken rana tsaka kuma yana kashe ido. Fitila ta yi nisan kamu ɗaya daga tsabar. Shimfiɗa tattausan ƙyalle a ƙasa, ka riƙe riyal ta gefe da yatsa biyu. Karkata shi kaɗan ka juya a hankali har ya yi zagaye cikakke, idonka a kan takubban kawai. Fara da ido tsirara, domin canjin launi ya fi bayyana daga nesa. Bayan nan ka sa adasa, wato gilashin ƙara girman abu, mai ninki 5, in akwai shakka mai ninki 10. Abin da ya wuce haka zai nuna maka ƙarce a kan kowace tsaba ta duniya, ka rasa wanda za ka kama.

Abu Sadiƙ (Jidda):
Allah ya ƙara girma, Baba. Nauyin fa? Ya kamata ya zama 11.66, na samu 11.63. Ba alamar ya rasa wani abu ba ce?

Malam Idi Maƙeri (Misfala):
A'a ɗana. Giram 0.03 yana cikin sassaucin da gidan bugu kansa yake bari tsakanin falle da falle, ƙaramin sikelin aljihu ma yana iya yin kuskuren da ya kai haka. Gogayyar da ke kashe ƙyalli a kan tudu ba ta cire nauyin da sikeli zai ji. Sikeli yana magana ne a can ƙasa: tsabar da zanenta ya kusa shafewa amma nauyinta cikakke, wannan ka san ba yawo ne ya cinye ta ba, ko bugu ne ko kuma jabu ce. Amma tsakanin wadda ba ta shiga hannu ba da wadda ta ɗan shiga, ajiye sikeli.

Nura Ɗan Jarwal (Makka):
Baba, a ba ni izini in ƙara biyu. Na farko, a duba bayan wurin daidai. Ka ɗora ɗan yatsa a saitin wurin da ya kwanta ba tare da ka taɓa fuskar ba, ka juya ka ga me ke bayansa. In tudu ne a gaba tudu ne a baya, ramuka biyu ke rigimar ƙarfe ɗaya, kuma idan matsi ya gaza dukansu biyu za su fito da rauni tare, sauran wurare masu tudu iri ɗaya amma marasa kishiya a baya su fito lafiya. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne dalar Morgan ta Amurka da aka buga a New Orleans, musamman ta 1892: gashin da ke saman kunnen matar da ke gaba da gashin ƙirjin mikiyar da ke baya suna saitin juna, sau da yawa duka biyun a kwance suke alhali tsabar ba ta taɓa fita daga buhu ba. Suɗewa ba ta zaɓe haka. Duk abin da ya yi tudu sai ta lasa, gaba da baya, har da kan haruffa da leɓen baki.

Na biyu, gefe. Haƙoran gefe a lokacin bugu suke samuwa, ƙarfe ne ke bazuwa ya danni zoben da ke riƙe da falle. In matsi ya yi kaɗan, haƙoran za su fito gajeru, ramukan tsakaninsu ba zurfi, leɓen baki kuma ya yi zagaye maimakon ya tashi da kusurwa. In suɗewa ce, ramukan suna nan da zurfinsu, kan haƙoran ne ya daɓe ya yi santsi. A hoto na huɗu haƙoran riyal ɗin Yaya Abu Sadiƙ cikakku ne, leɓe ma ya tashi. Wannan bai goyi bayan mai sayarwa ba.

Alhaji Tanimu (Madina):
Madalla Nura, amma kada ka rufe ƙofa da wuri. Cikar haƙora ta kore ƙarancin matsi ne kawai. Akwai wasu hanyoyi da zane ke ɓacewa tun a gidan bugu, kuma kowace da alamarta.

Maiƙo: man inji da ƙurar ƙarfe suna taruwa su toshe wani rami a hatimi. Sai ka ga harafi ɗaya ko ganye ɗaya ya dushe ko ya ɓace, maƙwabcinsa kuwa kaifi kamar yau aka sassaƙa shi, baki cikakke, haƙora cikakku, bayan ma lafiya lau. Yatsa ba ya iya cin harafi ɗaya ya bar na kusa da shi mai tsayi ɗaya. Ganyen dabinon dama da ya haɗe alhali na hagu ya rarrabu, wannan ya fi kama da maiƙo.

Tsufan hatimi: bayan an buga dubbai da shi, sassaƙar tana faɗaɗa. Haruffa su yi ƙiba, bakinsu ya yi laushi, na kusa da leɓe su riƙa jan jiki zuwa waje, fili kuma ya cika da layuka masu fita daga tsakiya waɗanda ido ma yana gani. Irin wannan tsaba ƙyallinta yakan fi na sabon hatimi ƙarfi, amma zanenta ya yi dishi-dishi ko'ina.

Gogar hatimi: ma'aikata sukan goge fuskar hatimi don cire tabo. Fuskar hatimi ita ce filin tsaba, to in an ci ta da yawa, zane marar zurfi ne ke tafiya: ɗigon haruffa, siririn jelar harafi, ƙarshen ganye. Wato akasin suɗewa ke nan, ƙasa-ƙasan zane ne ya ɓace, tudu yana nan. Za ka kuma ga siraran layuka a fili waɗanda suka taso sama, suna shigewa ƙarƙashin harafi su ɓullo ta ɗaya gefen ba su hau kansa ba. Ƙarcen wanki kuwa nutsewa yake yi cikin ƙarfe, kuma yana hawa kan haruffa.

Sai karkatar hatimi, inda gefe ɗaya ya matsu fiye da ɗayan: rabin tsaba kaifi, rabi ya yi rauni, kuma raunin yana ɓangare guda a fuska biyun.

Hajiya Ummu Nasir (Riyad):
Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da Malam Idi ya faɗa ya rataya ne a kan ƙyalli, to ku faɗa wa yara gaskiya: mafi yawan tsofaffin kuɗin azurfa da ke yawo a haraj, wato kasuwar gwanjo, da Kasuwar Zal ta Riyad an riga an wanke su. Wani da lemun tsami, wani da kanwar turawa, wani da man goge haƙori, wani ya kai wa maƙeri ya sa a injin goga. In an yi haka, shaidar ta mutu a tudu da fili gaba ɗaya, kuma ba mai iya rantsuwa cewa wurin da ya kwanta asalinsa bugu ne. Wanda ya ce maka "raunin bugu ne" a kan wankakkiyar tsaba, da'awa ce da ba ta da mai shaida, kada ka biya kuɗinta.

Inda aka fi shan wahala shi ne liyari, wanda mutanen nan ke kira riyal faransi, na Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, mai shekarar 1780. Giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfa 833 cikin 1000. Tun da can 'yan kasuwar Larabawa da na ƙasashenmu ƙwayoyin lu'ulu'un da ke jikin maɓallin kafaɗarta da na kambin kanta suke dubawa, in sun shafe sai a ƙi karɓa ko a rage masa daraja. Dubawar tana da kyau, don nan ne tudu. Amma a tuna an yi ta sake buga shi da shekara ɗaya a Biyana da Rum da Landan da Faris da Bombay, hatimai daban-daban, wasu ƙwayoyinsu manya ne rarrabe, wasu ƙanana a cushe tun asali. Kada a gwada na wannan gida da na wancan. Rubutun gefensa ma da wata na'ura daban ake yin sa, ba tare da bugun fuska ba, don haka rauninsa ba ya nuna komai game da fuskar. Ga kuma wanda aka taɓa liƙa wa kunne aka yi sarƙa da shi: wutar liƙi tana kashe ƙyalli duka, gogar tufa kuma tana cin fuska ɗaya fiye da ɗaya. Ku duba gefe a saitin saman kai, in kun ga inda aka goge da zarto ko rubutun gefe ya yanke, an cire kunne ne.

Malam Idi Maƙeri (Misfala):
Hajiya, haka ne, amma wankakkiya ma takan bar ɗan abin kamawa. Siffar tudu ba ta canjawa da ruwan tsami: daɓaɓɓen kai mai iyaka suɗewa ce, dunƙulallen kai bugu ne. Kuma a lungunan haruffa, cikin cikin "sad" da "mim", ƙyalle ba ya kaiwa. In an sami ragowar ƙyalli a nan ya yi wa kowane harafi rawani alhali tsakiyar fili ta mutu, tsabar ta yi yawo. Na yarda dai ba hujjar da za a ɗora babban farashi a kanta ba ce.

Wanda datti ya rufe masa wurin da yake son dubawa, ya jiƙa azurfar cikin asiton tsantsa na kantin magani a kofin gilashi na 'yan mintoci, ya ɗaga ta bushe da kanta. Ba na goge farce mai turare ba, kuma ba shafawa, ko da auduga. Asiton yana narkar da maiƙo da koren danƙon da tsohuwar ledar ajiya ke bari, ba ya taɓa ƙarfe. Baƙin da azurfa ta yi na shekaru kuwa a bar shi, sau da yawa shi ne ke nuna tudun da aka taɓa, don launinsa a nan yakan yi haske fiye da na kewaye.

Ustaz Bashir Mai Wurno (Jidda):
Jama'a, duk maganarku ta kuɗin inji ce. Ku juyo kan waɗanda aka buga a nan gida da kayan aiki marasa ƙarfi, za ku ga zaton Alhaji Tanimu ya kife: a nan raunin bugu ne asali, cikakken bugu shi ne baƙo.

Ɗauki kuɗin Omdurman ta Sudan na zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, daga 1885 zuwa 1898, musamman mai ƙirshi 20 da aka rubuta wa "maƙbul". Falle ba daidai yake ba, wani gefe ya fi wani kauri, hatimi na hannu, matsi ba ya isa. Da wuya ka sami wanda furannin da'irarsa suka fito duka. Wanda ya auna su da ma'aunin riyal na 1354 zai ce duk sun suɗe, ya zubar da masu kyau a banza. Amma suna da wata shaida da riyal ba shi da ita. Azurfarsu ta yi ta raguwa shekara bayan shekara har na ƙarshe-ƙarshe suka zama kusan tagulla da ɗan farin ruwan azurfa a sama. To wannan farin shi ne alƙali. Inda hannu ya ci, fari ya tafi, jan tagulla ya leƙo a kan tudu. Inda bugu bai kama ba, wurin a kwance yake amma farinsa yana nan, domin ya fi kewayensa ƙasa, hannu bai kai gare shi ba. Shimfiɗaɗɗen wuri mai fari, kusa da harafi mai kaifi: bugu. Harafi ja a kan farin fili: yawo.

Haka na Sultan Ali Dinar na Darfur da aka buga a Fashir, siraran nan. Falle ya yi siriri har ƙarfen bai isa ya cika fuska biyu ba, rabin rubutu ne ke fitowa. A irinsu ana duba harafi mafi kaifi a jikin tsabar ne, a yi hukunci da shi. In akwai ko da kalma ɗaya da bakinta ke da kaifi, ba ta yi yawo mai yawa ba, domin yawo ba zai tsallake ta ba.

Alhaji Tanimu (Madina):
Ustaz ya kawo ƙa'idar da ta fi kowace amfani a kuɗin hannu: a yi hukunci da wuri mafi kyau, ba mafi muni ba. Tana aiki a kan na Makka ma. Kuɗin Sharif Husaini, sarkin Hijaz, masu 1334 da shekarar sarauta 8, na tagulla da na azurfa, bugunsu ba ya daidaita. Sai kuma rabin ƙirshi da rubu'in ƙirshi na 1343, na farkon Sarki Abdul'aziz, masu "Ummul Ƙura", wato Makka, waɗanda da yawansu a kan kuɗin Sharif aka sake buga su. A waɗannan, wurin da sabon hatimi bai danna ba za ka tarar da ragowar tsohon rubutu a kwance a ƙasa. Mutane suna ganin hargitsin su ce lalacewa ce. Ragowar nan ita ce shaidar cewa bugu ne ya gaza, domin da gogayya ce ta cinye sabon rubutu, da ba ta bar na ƙarƙashinsa da ya riga ya daɓe ba.

Nura Ɗan Jarwal (Makka):
Ga yadda kamfanonin tantancewa irin PCGS da NGC suke ɗaukar abin, don masu aikawa. Ma'auninsu daga 1 zuwa 70 ne, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa 70 na wadda ba ta da suɗewa ko kaɗan ne, MS ke nan. Daga 50 zuwa 58 AU, wadda ta ɗan taɓu. Raunin bugu ba ya fitar da tsaba daga MS, sai dai galibi ya hana ta hawa can sama. Suɗewa kuwa komai ƙanƙantarta tana sauko da ita 58. Shi ya sa za ka ga AU58 mai cikakken bugu ta fi MS61 mai rauni da tabon buhu kyau a ido nesa ba kusa ba. Wankakkiya kuma ba sa ba ta lamba sam, sai su rubuta matakin zanenta da aibinta.

Hajiya Ummu Nasir (Riyad):
To ai nan nake da ja, Nura. Mai saye ba tarihin inji yake saye ba, abin da idonsa zai kalla yake saye. Takubba sun kwanta, sun kwanta, ko a Filadalfiya suka kwanta ko a aljihun mai rake. Me zai sa a biya ƙarin kuɗi don an ce laifin inji ne?

Malam Idi Maƙeri (Misfala):
Hajiya, tambaya biyu ce aka haɗa. Ɗaya: me ya sami tsabar bayan ta bar gidan bugu? Ɗaya: yaya aka haife ta? Farashi yana bin duka biyun, kuma ba na musun cewa mai rauni ta gaza mai cikakken bugu daraja ko da dukansu ba su shiga hannu ba. Amma dole a raba su a baki. A kuɗin da duk 'yan'uwansa da rauni aka haife su, kamar na Omdurman da Ustaz ya faɗa, wanda bai raba ba zai sayar da mafi kyawun abin da ake samu a farashin tarkace. A riyal kuma, inda masu cikakken bugu suke da yawa, wanda bai raba ba za a sayar masa da AU a farashin MS da sunan inji. Mai sayarwa ya ce: ƙyalli kaza, bugu kaza, an wanke ko ba a wanke ba. Bayyana aibi wajibi ne a ciniki, wannan kuwa ba sai an je makarantar kuɗi ba.

Hajiya Ummu Nasir (Riyad):
A raba a baki na yarda, Malam. A farashin riyal dai ni ba zan ƙara ko halala, kobon Saudiyya, a kan mai rauni ba, tunda masu kyau suna nan.

Ustaz Bashir Mai Wurno (Jidda):
Kafin a wuce, akwai na uku da ke shiga rigar biyun: jabun zubi. Zanensa laushi ne ko'ina, tudu da kwari, mai sayarwa ya ce rauni ne ko tsufa. A adasa za ka ga 'yan ramuka kamar na allura da ƙananan ƙuraje a fili, inda harafi ya haɗu da fili ya yi gangare maimakon kusurwa, a gefe kuma wani lokaci layin haɗin ƙalibi ko alamar zarto. Babban riyal na 1346 da majidi, kuɗin azurfar Daular Usmaniyya, duka wajen giram 24 ne. A nan sikeli da ma'aunin faɗi suna da aiki sosai, a fara da su kafin a kunna fitila.

Abu Sadiƙ (Jidda):
Na duba yadda Baba ya ce, fitila ɗaya, adasa mai ninki 10. Ga abin da na gani. Ganyen dabinon dama: fari ne, launi ɗaya da fili, haske yana bi ta kansa ba ya yankewa, fatarsa da ɗan kaushi, na bayansa kuma lafiya. Mahaɗar takubba: akwai ɗan wuri da bai fi ƙwayar riɗi ba, toka-toka, sumul, haske yana tsallake shi. Da na bi sauran tudu sai na sami irinsa a kan lamba 1 ta baya da kan dogayen alifai biyu na tsakiya. Fili a buɗaɗɗen wuri ya ɗan dushe kaɗan in an gwada da lungun haruffa.

Alhaji Tanimu (Madina):
To ka sami biyun a tsaba ɗaya, kuma haka ya fi yawa. Dabino maiƙo ne, mai shi ya yi gaskiya a nan. Takubba da lamba da alifai gogayya ce.

Nura Ɗan Jarwal (Makka):
Ba zai yiwu gogar buhu ba ce, Alhaji? Riyalan nan da yawa a buhuna suka zauna suna gugar juna.

Malam Idi Maƙeri (Misfala):
Azurfa in ta gogi azurfa tabo mai walƙiya take bari, da sara ƙanana masu kaifi, a warwatse, har a fili. Ba ta barin toka-toka, ba ta kuma bin tudu ɗaya bayan ɗaya a fuska biyu. Dushewar buɗaɗɗen fili da ya faɗa ita ta ƙarasa magana, buhu ba ya yin wannan, yatsu ne. AU ne mai kyau, 55 zuwa 58. Abu Sadiƙ, ka nuna wa mai shi wurin a ƙarƙashin fitila ya gani da idonsa, ka saya a farashin AU in ya yarda. Ka sa shi a kwalin ajiya marar danƙo, ka rubuta a jiki "dabino maiƙo, takubba gogayya", ka riƙe shi na gwaji. Ranar da na 1346 ya zo, ka ajiye su gefe da gefe a fitila ɗaya, ka turo mana bidiyo kana juya shi, ba hoto ba.